Sunan Mahaifina a Cikin Jakar Bakko

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ba na jin zan manta da wata Asabar da na yi a Birmingham, ranar da na durƙusa a tsakiyar falon wata tsohuwa ina tonon tarkace, ina kuka ina dariya. Shekaru sun ja yanzu, yarinyar da na sha wahalar dominta har ta kere ni tsawo, amma in na rufe ido sai in ji warin tsofaffin takardun nan a hancina.

Bari in faro daga tushe. Karatun digiri na biyu ne ya kawo ni Birmingham. Da na gama aka ba ni izinin in zauna in yi aiki na shekara biyu, sai na sami aikin kula da tsofaffi ta hannun wani ƙaramin kamfani da ofishinsa ke Ladywood, irin waɗanda za su tura ki wannan gida yau, gobe su tura ki wancan. A lokacin ina zaune a wani ɗaki a gidan wata dattijuwa a Balsall Heath, wadda kowa ke kira Hajiya. Bazazzagiya ce, mijinta ya kawo ta ƙasar nan tun kafin a haife ni, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya da gida mai bene. Ni kuwa Bakanuwa ce gaba da baya, don haka tun ranar da na ajiye akwatina muka buɗe shafin tsokana. In na yi girki ta ce Kanawa ba su san komai ba sai ciniki, in ta yi magana na ce Zagezagi iyayen iyayi. Ranar da na ce mu rubuta yarjejeniyar haya sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ni zan sa hannu a takarda da 'yar cikina? Lallai Kanawa, har uwarku sai kun ba ta rasit." Haka muka zauna, in wata ya ƙare in damƙa mata kuɗi a hannu, wani sa'in ma ta maido min da wani abu ta ce in sayi rigar sanyi ta kirki.

Duk Juma'a kamfanin nan yakan aiko min da takardar albashi ta gidan waya, ƙarshen shekara kuma su aiko da babbar, wadda ake kira P60, mai nuna duk abin da aka biya ni da harajin da aka cire. Ni dai in na buɗe na ga ba a cuce ni ba, sai in cukuikuye in wurga a kwandon shara na kicin in kama gabana. A tunanina tunda kuɗi sun shiga, me takarda za ta yi min? A gida ban taɓa ganin wanda ya adana takardar albashi ba, kuma babu wanda ya ce min nan ba haka abin yake ba.

A shekara ta biyu, tsakiyar sanyi, mahaifina ya rasu. Ina gidan wata tsohuwa ina ba ta shayi wayar ta shigo, kafin in dawo gida har an kai shi makwancinsa. Na so in tafi ko don in zauna kusa da mahaifiyata, amma ba ni da kuɗin jirgi, ga ƙannena da ke makaranta duk ni suke kallo. Mahaifiyata da kanta ta ce, "Zauna ki yi masa addu'a daga nan, ba inda addu'a ba ta zuwa." Na zauna, amma abin ya tsaya min a rai shekara da shekaru. Hajiya ce ta shimfiɗa tabarmi a falonta, ta kira mutane, aka yi zaman makoki kamar a gida.

Bayan nan rayuwa ta yi gaba. Na sami aiki a Manchester, na yi aure, maigidana ya biyo ni, muka kama gida a Old Trafford. Allah ya ba mu 'ya mace, aka gwada ta tun tana jaririya aka ce tana da sikila. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san abin da nake nufi in na ce asibitin da ke duba ta ya zame mana gida na biyu. Likitocin sun san ta, sun san abin da ke tayar mata da ciwon, in ya tashi ba sai na yi dogon bayani ba. Izinin zaman maigidana da nata duk a jikin nawa suke rataye, in nawa ya faɗi duk mun faɗi.

Da na cika shekara goma a ƙasar, lokacin neman izinin zama na dindindin ya yi. A nan ne ido ya raina fata. Shekara guda kafin nan bututun ruwan maƙwabcinmu na sama ya fashe muna wurin aiki, ruwa ya sauko ya jiƙa kwalin da nake ajiyar muhimman abubuwa, tsohon fasfona ya zama kamar kunun da ya kwana. Lauyar da muka ɗauka, wata 'yar Najeriya haifaffiyar nan, ta ce tunda babu fasfon da zai nuna shigata da fitata, sai in kawo shaidar hukuma cewa ina cikin ƙasar a kowace shekara. Shekarun karatu jami'a ta ba ni takarda. Shekarun Manchester ba matsala. Sai shekara biyun nan na aikin tsofaffi suka tsaya fayau, babu komai a kansu.

Ba inda ban buga ba. Banki suka ce asusun da na rufe tuntuni ba su da sauran bayanansa. Asibiti kuwa, a shekarun nan ko ciwon kai ban kai wa likita ba, ashe wata rana lafiya ma sai ta zame wa mutum abin tuhuma. Takardar haya babu, kun ji dalili. Na kira ofishin haraji, aka bar ni ina sauraron kiɗa har shinkafata ta kama, daga ƙarshe wata mata mai kirki ta duba ta ce a ƙarƙashin lambata ta haraji babu alamar na yi aiki a shekarun nan. Ta ce ga alama kamfanin ya shigar da ni da wata lamba ba tawa ba, amma in na kawo ko da takardar albashi ɗaya mai ɗauke da lambar kamfanin, za su iya bin sawu su gano. Na ce mata na zubar. Sai ta ce min in nemi kamfanin.

Lauya ba ta ɓoye min ba. Ta ce wasiƙar shaida daga uwar ɗaki za ta ɗan taimaka, amma ita kaɗai ba za ta ɗauki nauyin shekara biyu ba. In aka ce zamana ya yanke, lissafin ya rushe, ga izinina saura 'yan watanni ya ƙare. Na fito daga ofishinta raina a jagule, ban san sanda na wuce tashar bas ba. Abin da ya fi ƙona min rai ba tsoron komawa gida ba ne, ai gida gida ne. Yarinyar nan nake tunani, da yadda zan raba ta da likitocinta. Sannan ga wani takaici na daban: ni da ubana ya rasu ban taka ƙafata na je ba, ni ce yau ake cewa in kawo hujjar ban fita ba.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko gida na ci da wuta sai ya gama ɗaura agogo. Ya ce, "Ki je Birmingham ɗin ki gani da idonki. Wataƙila sun canja suna ne kawai." Ranar Asabar na yi sammako na hau jirgin ƙasa, na riƙe 'yar robar dambun nama a jaka saboda Hajiya, don ko me ake ciki ba a zuwa wurinta hannu rabbana.

Na isa Ladywood na sami ginin yana nan, amma inda ofishin yake an mai da shi shagon aski. Na shiga na tambayi mai askin, ya ce shi tun da ya karɓi wurin bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Mai shagon da ke kusa, wani dattijo da ya daɗe a layin, ya ce ai sun karye tun tuni, masu shi ma an ce sun bar ƙasar. Na fito na tsaya a bakin titi ana yayyafi. Gaskiya a lokacin niyyata in juya tasha in koma Manchester, don ba ni da fuskar gaisuwa, ba ni da bakin tsokana. Abin da ya hana ni shi ne na san mutanenmu. Garin da girma amma mu ba mu da yawa, sai wani ya hango ni ya kai rahoto, Hajiya kuwa sai ta shekara tana yi min gorin na shigo gari na fita kamar ɓarauniya. Tsoron bakinta ne ya sa na hau bas ɗin Balsall Heath.

Tun daga ƙofa na ji hayaniya. Ƙofar a buɗe take, mota a bakin gida an ɗaga bayanta, zauren kuma cike da jakunkunan bakko, irin manyan nan masu ratsin ja da shuɗi, duk sun yi ƙura. Ɗan Hajiya, wanda yanzu magidanci ne da nasa iyalin, yana tsaye ya riƙe ƙugu, gumi na zubo masa. Ita kuwa Hajiya ta hau kan jaka ɗaya ta zauna daram, carbi a hannu, ta ɗaure fuska tamau.

Yana ganina ya ce, "Aunty, thank God. Please ki yi mata magana. Council za su zo Monday su gyara loft, saman silin ɗin nan, sun ce everything has to go. Takardu ne fa kawai, rubbish! It's a fire hazard."

Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Bakanuwa, sannu da zuwa. Kin ganni nan, ɗan da na haifa zai kwashi sunan Allah ya kai juji."

Sai a ranar na fahimci abin da na zauna da shi shekaru ban lura ba. Hajiya irin tarbiyyar nan ta samu ta cewa duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, ba a taka ta, ba a haɗa ta da ƙazanta. A gida sai a tara a ƙona ko a binne a wuri mai tsarki. Da ta zo nan ta taɓa gwada ƙonawa a bayan gida, maƙwabta suka ga hayaƙi suka kira 'yan kwana-kwana, aka cika layi da jiniya, daga ranar ta ce ta tuba. Sai ta koma tarawa a saman silin da niyyar in za ta Zariya ta tafi da su. To amma duk tafiya tsaraba ke cinye nauyin kayan da aka yarda ta ɗauka, jakunkuna kuma suna ta haihuwa. Ɗan ya je masallaci ya tambaya, aka ce za a karɓi tsofaffin Alƙur'anai da littattafan addini, amma ban da takardun wuta da na gas. Hajiya ta ce ko duka ko babu.

Ni da ke ɗauke da nawa ciwon, so nake a yi ta ta ƙare in samu in zauna. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri a kai na masallacin, sauran kuma ai rubutun boko ne."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Au, Allah bai iya karanta boko ba ne? Ke ma kin bi sahunsa? To ai ke ce babbar mai laifi, da bakinki. Jaka guda cur taki ce a nan. Duk Juma'ar duniya sai kin cukuikuye sunan mahaifinki kin jefa cikin ɓawon albasa, ni kuma in bi bayanki in tsamo in goge in miƙar. Har bayan kin tashi wasu suka yi ta zuwa. Na yi shiru ne don kar a ce na takura wa marainiya."

Ba zan faɗi sunan mahaifina ba, ko yana raye ban taɓa kama sunansa ba, amma irin sunayen nan ne na bayin Allah da sunan Ubangiji ke ciki ɓaro-ɓaro. Shi ne sunana na biyu a kowace takarda ta hukuma, shi ne a saman kowace takardar albashi da na taɓa zubarwa.

Jakar hannuna ta suɓuce ta faɗi, robar dambu ta gangara ƙarƙashin kujera. Na ce, "Hajiya, me kika ce?" Na sake cewa, "Payslips ɗina? Suna nan?"

"Ni na san sunansu? Takardunki dai. Wata jakar ce a cikin waɗannan, ko tana cikin waɗanda wannan ɗan ya riga ya loda."

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na fita ba takalmi, na tsaya a bayan motar na baza hannuwa, kamar wani ya ce zai tayar da ita. Ɗan Hajiya ya biyo ni yana cewa, "Aunty, are you okay?" Na ce masa ko takarda ɗaya ta bar gidan nan yau, ni da shi ne. A tsaye a cikin yayyafin na ba su labari, kalma na hawa kan kalma. Hajiya ta saurara har na kai aya, sannan ta sauko daga kan jakarta a hankali ta ce wa ɗanta, "To, ranka ya daɗe, sai ka shigo min da rubbish ɗina."

Kada ku ɗauka a jere muka same su. Hajiya ba don amfani ta ajiye ba, don girmamawa ta ajiye, saboda haka babu ruwanta da tsari. Muka zazzage jakunkuna a kan kafet, falo ya cika har ba wurin taka ƙafa. Ga kalandun masallaci na shekarun da suka shuɗe, ga katunan ɗaurin aure masu bisimilla a sama, waɗansu ma auren ya daɗe da mutuwa katin na nan da ransa. Ga takardun tallan mahauta, ga wasiƙun duk wani ɗalibi mai irin sunan mahaifina da ya taɓa kwana a gidan. Muka durƙusa mu uku muna tona. Ɗan Hajiya da ya zo zubarwa, shi ne ya fi kowa himma, yana atishawa yana ɗaga takarda yana cewa, "Wannan fa, Aunty?" Hajiya kuwa duk katin da ta ɗauka sai ta tsaya ta ba mu tarihin masu shi, ni kuma duk na ƙagara.

Sai bayan mun yi sallar azahar, a jakar da aka sauko da ita daga mota, na hango wata takarda mai launin shuɗi-shuɗi da na sani kamar tafin hannuna. Na zaro ta. Duk ta yi layi-layin cukuikuya, ga tabon manja a gefe, amma ga sunana, ga sunan mahaifina, ga kwanan wata, ga lambar kamfanin a ƙasa. Na ƙwalla ƙara har Hajiya ta ce, "A'uzubillahi, kunama ce?" Na tura hannu na ci gaba da zarowa, suna ta fitowa, wata da tabon shayi, wata an yage ta biyu Hajiya ta liƙe da salatif. Ƙasan jakar muka sami manyan nan biyu na ƙarshen shekara, ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba, don bayan na tashi ta iso.

Muka share gefe guda muka fara jera su mako bayan mako, daga bakin ƙofa har gindin talabijin. Ina jerawa ina dariya, ina cewa ku ga inda na yi ƙarin aiki da azumi, ku ga inda na sayi wayata ta farko. Can sai hannuna ya kai kan wata ta tsakiyar sanyi, wadda awanninta ba su kai rabin na sauran ba. Na duba kwanan watan, sai dariyar ta tsaya. Makon da mahaifina ya rasu ne. Ta bayanta kuma ta dawo cif, na koma aiki. Ga shi nan a rubuce, baƙi a kan fari, cewa ina nan ban je ko'ina ba. Abin da ya fi komai yi min ciwo a rayuwata, shi ne ya zama hujjata mafi ƙarfi.

Na zauna a wurin na yi kukan da ban samu na yi sosai ba a wancan lokacin. Hajiya ta matso ta dafa kaina, ba ta ce in yi shiru ba. Sai da na gaji don kaina ta ce, "Kin gani ko? Kina ta cewa ba ki je masa ba. To ga shi shi bai bar ki ba, sunansa na nan yana yi miki gadi a saman silin." Sannan ta share idonta da gefen mayafi ta ƙara da cewa, "Amma fa da Bakanuwa ce uwar ɗakinki, da tuni ta sayar wa mai ƙosai."

Da yamma ɗan Hajiya ya kai ni tasha da kansa, takardun na cikin leda biyu, na rungume su a ƙirji. Har muka isa Manchester ban ajiye su a kujera ba. Maigidana ya tare ni a tasha, ya kalli ledojin ya kalle ni, ya ce, "Kamfanin ne suka ba ki?" Na ce, "Kamfanin Zariya."

Sauran aikin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Na aika wa ofishin haraji kwafi, suka bi lambar kamfanin suka gano harajina duk an biya, yana kwance ne a ƙarƙashin wata lamba da ba ta kowa ba. Suka maido shi kan sunana, suka rubuto min takarda mai nuna shekarun nan biyu cikakku. Ranar da na kai wa lauya tarin nan, ta ɗaga mai tabon manjan da yatsa biyu tana dariya, ta ce a duk aikinta ba ta taɓa shigar da hujja mai ƙamshin miya ba. Ta haɗa da wasiƙar Hajiya, muka tura, muka koma jira da addu'a.

Amsar ta zo wata ranar Laraba da hantsi, ina yanka alayyafo. Na karanta layin farko, na sake karantawa, na ga an ba ni izinin zama ba iyaka. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba, ni da ko a bikin ƙanwata ban iya ba. Maƙwabciyata Baturiya ta buga ƙofa tana tambaya ko lafiya, na rungume ta da hannuna duk ganye. Da na je ɗauko 'yata daga makaranta na ɗaga ta sama a bakin ƙofa ina juyi da ita, tana cewa, "Mum, stop, everyone's looking!" Na ce su kalla, yau ranar kallo ce. Ita ba ta san me aka yi ba, abin da ta sani kawai shi ne za ta ci gaba da ganin likitarta mai ba ta sitika.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka ɗunguma gaba ɗaya zuwa Balsall Heath da tukunyar waina da turmin atamfa. Na tarar labari ya riga ni isa. Hajiya ta sa ɗanta ya bi tsofaffin 'yan hayarta ɗaya bayan ɗaya a waya, kowa ya zo ya kwashi nasa, masallaci suka karɓi nasu, ragowar kuma ɗan da bakinsa ya yi alkawarin zai biya kuɗin ƙarin kaya a kai su Zariya. Tana zaune a kujerarta kamar wadda ta ci zaɓe, duk wanda ya shigo sai ta nuna ɗan ta ce, "Ku gaishe da mai fire hazard." Shi kuma sai ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, na tuba, you win." Na durƙusa na yi mata godiya, ta ce in tashi, ita ba don ni ta yi ba, don Mai sunan ta yi. Na ce na sani, shi ya sa ma abin ya yi albarka.

Na koyi ajiye takarda, wannan kam ba sai an faɗa ba, yanzu ko rasit ɗin burodi sai na dube shi sau biyu. Amma ba shi ne babban darasin ba. Na je ofisoshi, na kira lambobi, na biya lauya, ashe maganin yana gidan da na kusa wucewa saboda baƙin ciki ya hana ni gaisuwa. Da na juya tasha ranar nan, da motar ta tashi da jakar. Tun daga lokacin na yarda zumunta a ƙafa take, kuma ranar da ba ka jin zuwa, ita ce ranar da ya fi kamata ka je. Na kuma daina yi wa abin da tsofaffi suka riƙe kallon wahalar banza, don wanda ya girmama sunan Allah ba ya sanin wanda zai tsira ta dalilinsa.

Takardun suna nan a wurina, a cikin akwatin ƙarfe da ruwa ba ya shiga. Aikinsu ya ƙare, babu hukumar da za ta sake tambayarsu, amma ba zan iya zubarwa ba. Kwanaki 'yata tana taya ni gyaran ɗaki ta ciro mai tabon manjan ta ce, "Mum, wannan dustbin ko?" Na karɓe ta daga hannunta, na nuna mata layin sama na ce ta karanta. Ta karanta sunan kakanta da ba ta taɓa gani ba, da harshenta na Manchester. Na ce mata, "Bai bar min gida ba, bai bar min gona ba, wannan sunan ya bar min, kuma shi ya zaunar da ke a garin nan. Mayar da ita inda kika ɗauko, da hannu biyu."